Jita-jita da Ɗigon Shan Inna a Ƙasar Maska

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, a Maska ko Funtua ko ƙauyukan Malumfashi, lokacin da aka cire masara aka fara ɗibar auduga, hankalin manomi ya kwanta ya sami sukunin zance, ya san yadda magana kan taso daga birni tana ƙarama, ta iso karkara ta zama hukunci wanda ba a ja da shi. Haka ta faru a shekarar 2003, sa'ad da aka ce ɗigon rigakafin shan inna, wanda mata ke bi gida gida suna ɗiga wa yara a baki, suna shafa musu tawada a ɗan yatsa, suna rubutu da alli a bangon zaure, an gauraya shi da maganin hana haihuwa domin a rage yawan Musulmi.

Maganar ba daga bakin jahilai ta fito ba, kuma wannan shi ne abin da ya ba ta nauyi. Dakta Ibrahim Datti Ahmad, likita, kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya a lokacin, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a kanta. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau, wadda ba jam'iyyarsu ɗaya da gwamnatin tarayya ta Obasanjo ba, ta dakatar da rigakafin, Zamfara da Kaduna ma suka dakatar na wani lokaci. Ga kuma Amurka ta shiga Iraƙi a watan Maris na shekarar, zukatan Musulmi cike da zato ga duk abin da ya fito daga Yamma. Ƙasar Maska kuwa, da yake tana kan mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, 'yan kasuwarta da almajiranta suna kai da komo Kano, ba ta buƙaci umarnin wata gwamnati ba kafin magidanta da yawa su ce a wuce, ba yara a gidan.

Ba adalci ba ne a yi wa waɗannan magidanta hukuncin wauta, domin shakkarsu tana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Bayan wannan akwai tambayar da kowane manomi yake yi, wadda ni ma nake ganin halal ce a yi ta: me ya sa idan zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kwantar da ɗansa, sai ya sayar da buhun dawa ya kai shi asibiti, a rubuta masa takarda ya je kemis ya saya, amma wannan ɗigo shi kaɗai ake biyo shi da shi har zaure, kyauta, sau da yawa a shekara, har da lallashi? Ai ruwa ba ya tsami banza.

Laifin da nake gani yana wuyan waɗanda Allah ya ba su ilmi da mulki, da suka karɓi tambaya ta gaskiya suka ba ta amsar da ba su tabbatar ba. Malamanmu na hadisi, Allah ya jiƙan su, ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun binciki adalar mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa, kuma ko mutum salihi ne, idan ya saɓa wa jama'ar amintattu, sukan ajiye ruwayarsa su kira ta shazzi. Da an auna zancen hana haihuwa da wannan mizani, da an tambaya: wa ya auna, a wane ɗakin bincike, wa ya maimaita awon ya sami abin da na farko ya samu, kuma me ya sa ƙasashen Musulmi irin su Masar da Indunusiya da Saudiyya suke ba 'ya'yansu wannan rigakafi shekara da shekaru, haihuwa ba ta yanke musu ba? Amma siyasa ba ta da haƙurin mai isnadi, domin wanda ya tsaya bincike sai a ce ya bi bayan Abuja, wanda ya yi saurin hani kuwa a yaba masa da kishin addini.

Kano ta koma rigakafi a watan Yuli na 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, gwamna da kansa ya ɗiga wa yara a bainar jama'a. Sai dai janye dokar ya fi sauƙi a kan janye maganar daga zukata. Yaran da shan inna ya kama a Nijeriya, waɗanda ba su wuce 202 ba a 2002, sun haura dubu a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiya. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano, bayin Allah da suka fito neman ɗan abin da za su rufa wa kansu asiri.

Abin da ya gyara al'amarin a ƙarshe, mutanen da jama'a ta sani ne. Daga 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa a kan aikin, umarni ya sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci da mai unguwa, limamai suka yi bayani a huɗuba, ungozomomi suka shiga ɗakunan da baƙo ba ya shiga, aka kuma fara haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da raba magunguna, wato aka amsa tambayar manomin nan da aiki. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, shekara huɗu bayan yaro na ƙarshe da aka gani da ita a Barno. Yaran da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki a shekarun hanin, waɗanda cutar ta riske su, yanzu sun haura shekara ashirin, kuma ranar kasuwar Funtua akan ga wasunsu a kan keken guragu, suna juya shi da hannu tsakanin motocin hatsi.