Kafin Ka Sayi Keken Giya, Duba Inda Hannunka Yake

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don in ja kunnen 'yan'uwana masu cin kasuwar ƙauye a kan keke.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, da yawanmu mun ajiye babur mun koma keke, musamman irin na gwanjo mai giya. Ni ma na sayi ɗaya. Wata Juma'a da damina na ɗauro kwandon ƙwan zabi a kariya, na nufi kasuwar Wudil. Da na zo wani hawa, sai na saki hannu ɗaya na sunkuya neman libar giya can ƙasa a jikin firam. Kafin in ankara kaya ya rinjaye ni, sai ga ni a ƙasa, jarina ya zama kunu.

Jama'a, laifin ba na giya ba ne. An ƙera keken ne don 'yan tsere, masu tuƙi a duƙe kamar mai noma, hannunsu na sauka kan libar ba wahala. Ni kuwa na sa an ɗaga mini kan keken don in zauna a miƙe saboda ciwon baya, liba kuma tana nan inda take. Ka ga ta yi mini nisa ke nan. Ku tuna Raleigh mai giya uku ta iyayenmu: a miƙe ake tuƙa ta, shi ya sa libarta take kusa da yatsa.

To, ga shawara. Fara da sirdi: zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Sannan a daidaita kai yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Sai a ƙarshe a zo kan liba. In a miƙe kake tuƙi, mai gyara ya samo wadda ake ɗaurawa kusa da birki, ya sa sabuwar waya mai tsawo. In kan kekenka mai lanƙwasa ƙasa ne, akwai wadda ake cusawa a bakin ƙarfen, masu doguwar tafiya na son ta don ba ta da wuyar gyara. Irin wadda Shimano ya haɗe da birki tun 1990 akwai daɗi, amma in ta lalace a ƙauye, sai birni.

Gwajin ɗaya ne: ɗaura kayanka, ka canza giya ba tare da ka saki kai ko ka ɗauke ido daga hanya ba. In hakan ya gagara, kada ka kama hanya. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Naka,
Wani mai sayar da ƙwai,
Ƙaramar Hukumar Wudil.