Zaɓin Nau'in Manhajar Rumbun Bayanai Tsakanin Fagen Gwaji da Fagen Aiki: Nazari a kan SQL Server

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan nau'o'in manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft, da yadda ya kamata a zaɓi wanda ya dace da lokacin ƙera manhaja da kuma wanda ya dace da lokacin da jama'a suka fara amfani da ita.

1.0 Gabatarwa

Kowace manhaja mai adana bayanai takan bi ta fage biyu. Na farko shi ne fagen gwaji, inda masu ƙira ke rubutu, su gwada, su gyara. Na biyu shi ne fagen aiki, inda rajistar ɗalibai ko albashin ma'aikata ya dogara a kanta. Rashin bambance fagagen nan wajen zaɓin nau'i yakan jawo asarar kuɗi, ko saɓa sharuɗɗan lasisi, ko tsayawar aiki baki ɗaya.

2.0 Nau'o'in SQL Server

A fitowar 2022, akwai manyan nau'o'i huɗu. Enterprise shi ne mafi tsada kuma mafi cika. Iyakarsa ita ce ƙarfin na'urar da aka ɗora shi a kai. Standard ma na kuɗi ne, amma ba ya wuce cibiyoyin sarrafawa 24 da gigabayit 128 na ma'adanar wucin gadi da yake tara shafukan bayanai a ciki. Express kyauta ne, kuma an yarda a yi aiki na haƙiƙa da shi, sai dai rumbu ɗaya ba ya wuce gigabayit 10, cibiyoyin sarrafawa ba sa wuce 4, sannan babu SQL Server Agent mai gudanar da ayyuka bisa jadawali. Developer kuwa, wanda ya zama kyauta tun 2016, yana ɗauke da duk abin da Enterprise ke da shi, amma lasisinsa na ƙira da gwaji ne kaɗai.

3.0 Inda Matsalar Take

Kuskure na farko shi ne barin Developer ya ci gaba da aiki bayan an miƙa manhaja. Na'urar ba za ta hana ba, don babu wani shinge da aka sanya a cikinta. Shingen yana cikin yarjejeniya, kuma ranar da aka zo binciken lasisi hukuma ce za ta biya.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Mai ƙira yakan yi gwaji a kan Developer, alhali hukumar Standard ta saya. Duk abin da ya gina a kan wata dama ta Enterprise zai yi aiki lafiya a hannunsa, ya kuma ƙi aiki ranar ƙaddamarwa. Misali, sake gina fihirisa ba tare da dakatar da masu amfani ba dama ce ta Enterprise. Haka kuma tsarin madadin na'ura da Standard ke bayarwa rumbu ɗaya kawai yake ɗauka a kowane rukuni. Gaskiya ne gyaran farko na fitowar 2016 ya sauko da damammaki da yawa zuwa ƙananan nau'o'i, kamar matse bayanai da rarraba manyan tebura, amma bambancin ƙarfi yana nan. Tambayar da ta dawo da amsa cikin daƙiƙa a kan Developer tana iya jan jiki a kan Express.

Akwai kuma batun shekarar fitowa. Kwafin ajiya da aka ɗauka daga sabuwar fitowa ba ya dawowa a kan tsohuwa. Wanda ya yi gwaji a kan 2022 ba zai iya mayar da kwafinsa kan 2019 ba.

4.0 Kammalawa

Abin da ya dace shi ne a fara yanke shawara a kan nau'in da za a yi aiki da shi, bisa girman bayanai, da yawan masu amfani, da tsawon lokacin da hukuma za ta iya jure tsayawar aiki. Daga nan sai a yi ƙira a kan Developer na shekarar fitowa ɗaya, a kuma yi gwajin ƙarshe a kan ainihin nau'in da aka saya kafin a buɗe wa jama'a.