Lokacin Shan Magungunan Ƙarin Ƙarfi da Kaifin Basira

 Hakimai, wannan bayani dominku aka shirya shi, ku da malaman da ke ofisoshinku.

A kasuwanni da kantunan magani yanzu ana sayar da waɗansu ƙwayoyi, da wani gari cikin gwangwani, ana cewa suna ƙara ƙarfi ko su kaifafa basira. Masu sayensu galibi samari ne, watau 'yan ƙwallo, da 'yan dambe, da masu ɗaga ƙarfe, da 'yan makaranta in jarrabawa ta matso. Da yawansu su kan sha ba a kan lokaci ba, sai kuɗi ya tafi a banza, barci kuma ya ɓaci. Tun da ya ke wurinku jama'a ke kawo tambaya, ga amsar da ta kamata ku ba su.

1. Wanda ke hana barci

Yawancin magungunan basira da na motsa jiki, abin da ke aiki a cikinsu shi ne kafeyin, watau abin nan da ke cikin goro da shayi da gahawa. Ya kan kama jiki sosai bayan rabin sa'a zuwa sa'a guda, saboda haka mai wasa sai ya sha sa'a guda kafin ya shiga fili. Mutum mai nauyin kilo 60, miligiram 180 ya ishe shi, kamar kofi biyu na gahawa ke nan.

Amma fa ba ya barin jiki da wuri. Bayan kamar sa'a 5 rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha da ƙarfe 5 na yamma, da ƙarfe 10 na dare bai rabu da shi ba. A shekarar 2013 an gwada a Amurka, aka ba mutane miligiram 400 saura sa'a 6 su kwanta, aka ga barcinsu ya ragu da fiye da sa'a guda. Ɗan makarantar da ya sha da dare don ya yi karatu ya cuci kansa, domin cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya. Lalle a tsai da shansa daga azahar. Babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, mace mai ciki kuwa 200, kuma a lissafa har da goro da shayin da aka sha.

2. Wanda ke son ciki ba abinci

Ƙwayar ƙarin jini, wadda a kan ba mata masu ciki da masu ƙarancin jini, ta fi shiga jiki in an sha ta sa'a guda kafin abinci, ko sa'a biyu bayansa. Shayi abokin gabanta ne, ya kan hana fiye da rabinta shiga jiki. Madara da nono ma su kan rage mata ƙarfi. Ruwan lemo kuwa taimakonta ya ke yi. Mace za ta yi wata uku tana haɗiye ƙwayar da shayin safe, ta ce magani bai yi ba, alhali kuwa lokacin ne ba daidai ba. In ta sa tashin zuciya, a sha da ɗan abinci kaɗan. Bayan gida ya kan yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A ɓoye ta daga yara ƙanana, don tana iya kashe yaro in ya sha da yawa.

3. Waɗanda ke son maiƙo

Bitamin A da D da E da K, da man kifi, sai da maiƙo su ke shiga jiki da kyau. A sha su a tsakiyar cin abinci, lokacin da a ke cin tuwo da miya mai man gyaɗa ko manja ko man shanu. A lura, A da D taruwa su ke yi a jiki, saboda haka wuce ƙa'ida ya kan jawo ciwo.

4. Waɗanda ba ruwansu da sa'a

Akwai farin gari da masu ɗaga ƙarfe ke kira kiriyatin. Giram 3 zuwa 5 a ke sha kowace rana, da ruwa isasshe, ko da safe ko da yamma. A hankali ya ke taruwa cikin tsoka, sai an yi mako uku ko huɗu kafin ya cika. Wanda ya bari sai ranar wasa ya kwankwaɗi mai yawa, a tuna masa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai da izinin likita.

Haka garin furotin, mai gina tsoka. Da an ɗauka tilas ne a sha shi cikin rabin sa'a bayan motsa jiki. Yanzu an gane jimlar abin da mutum ya ci a yini ita ce babba. Mai kilo 60 da ke ɗaga ƙarfe yana bukatar wajen giram 100, a raba shi uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Wanda ke samun wake da ƙuliƙuli da kifi da nono da awara, ba lalle ne ya sayi gwangwani ba.

5. Abinci da motsa jiki

In an ci abinci mai nauyi, a dakata sa'a biyu ko uku kafin gudu ko dambe. In lokaci ya ƙure, dabino ko ayaba ko ɗan koko sun isa. Cikin watan azumi a bar wasa mai tsanani sai bayan an sha ruwa, kada kuma a haɗa na yini duka a haɗiye da sahur.

6. Waɗanda ba su da lokaci

Ganyen ginko, na wani itace daga ƙasar Sin, an daɗe ana tallarsa don maganin mantuwa. A 2008 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi a Amurka kan tsofaffi fiye da 3,000 har wajen shekara shida, aka ga bai hana ruɗewar tsufa ba. Ga shi kuma yana iya sa zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Tiramol da waɗansu lebura da manoma ke sha don su jure aiki ba maganin ƙarfi ba ne. Maganin ciwo ne mai tsanani, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma sa farfaɗiya. Ba shi da wani lokacin sha sai wanda likita ya rubuta.

Abin da a ke roƙonku

Ku sa malamanku su karanta wannan takarda a gaban dagatai da masu unguwa da shugabannin samari. A gaya wa mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya kuma duba ranar lalacewar magani. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki ko mai goyo, su fara zuwa asibiti tukuna. In yaro ya zo yana kukan faɗuwar gaba da rashin barci, a tambaye shi abin da ya sha, da ƙarfe nawa ya sha shi, sa'an nan a aika da shi wurin malamin asibiti tare da gwangwanin.