Abin da ke jawo 'yan kallo ga wasannin ƙarshe na Kofin Stanley

A kowace shekara, galibi cikin watan Yuni, ƙungiyoyi biyu kan kara a wasannin ƙarshe na Kofin Stanley, wanda shi ne kofi mafi daraja a gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da hukumar NHL ke shiryawa a Amurka da Kanada.

Sai dai yawan masu kallon wasannin a talbijin yakan hau ya sauka, lamarin da ke shafar kuɗin tallace-tallace da gidajen talbijin ke samu, da kuma abin da suke biyan hukumar.

Abu na farko shi ne garuruwan da ƙungiyoyin suka fito. Kamfanin Nielsen, mai ƙididdigar 'yan kallo a Amurka, ba ya lissafawa da gidajen Kanada. Don haka idan ƙungiyar Kanada ta kai wasan ƙarshe, magoya bayanta na gida ba sa shiga lissafin.

A shekarar 2007, lokacin da Anaheim ta kara da Ottawa, wasa na uku ya kasance cikin shirye-shiryen dare mafiya ƙarancin 'yan kallo a tarihin tashar NBC.

Na biyu shi ne tsawon karawar. Ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ce ke ɗaukar kofin, kuma jama'a sun fi tururuwa idan aka kai wasa na bakwai. A 2019 mutane fiye da miliyan 8 ne suka kalli wasa na bakwai tsakanin St. Louis da Boston.

Tashar da ke nuna wasan ma tana da tasiri. A 2023 tashar TNT, wadda sai an biya kuɗi ake kama ta, ita ce ta nuna wasannin, kuma masu kallon kowane wasa ba su kai miliyan 3 ba a matsakaici. A 2024 kuwa tashar ABC, wadda ake kamawa kyauta, ta samu sama da mutum miliyan 7 a wasa na bakwai tsakanin Florida da Edmonton.

Akwai kuma batun lokaci. A 2020 annobar korona ta sa aka ɗage wasannin zuwa watan Satumba, inda suka yi karo da kakar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, abin da ya sa 'yan kallo suka ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da 2019.