Allon Madannai Mai Fitila Ya Bar Ɗakin Wasa Ya Hau Teburin Akawu A Zuru

Ba don akawu aka ƙera shi ba, ba kuma don ɗalibi ba. Allon madannai mai fitila, watau kibod ɗin nan da haruffansa ke haske ja da kore da shuɗi, an yi shi ne domin samarin da ke kwana wasannin kwamfuta a ɗaki mai duhu. Amma shi duhu bai san mai wasa ba, bai san mai aiki ba. A gari irin Zuru, inda wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke bayarwa kan ɗauke ba sallama, abin da aka yi don nishaɗi yana iya zama kayan aiki.

Tun da aka ɗaga Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, aikin rubutu ya ƙaru a garin. Ɗalibin da zai miƙa kundin bincikensa, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka ce lalle ya kawo rahoto da safe, dukansu da dare suke samun sarari. In an ɗauke wuta, fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka tana nan da haskenta, amma madannan sun nutse cikin duhu, sai mutum ya kama tocilan waya da haƙori yana neman harafi. Nan ne allo mai fitila yake biyan kuɗinsa, domin a ƙarƙashin madannansa akwai ƙananan ƙwayayen fitila da ke fito da haruffa sarai.

Sai dai fa hasken ba kyauta ba ne. Daga batirin kwamfutar yake sha, ta igiyar USB. Kafar USB 2.0 tana ba da abin da ya kai wat 2.5, saboda haka allon da aka ƙure wa haske na awa 4 yana iya cinye wat-awa 10, watau kashi ɗaya cikin biyar na batiri mai wat-awa 50. Ga wanda ba shi da janareta, wannan shafuka ne da dama da ba za a buga ba. Dabara ita ce a zaɓi launi ɗaya, a rage shi iyakar yadda ido zai gane harafi, a kashe walƙiyar nan mai yawo kamar bakan gizo, wadda ba ta da wani amfani ga mai rubutu illa ɗauke hankali.

Abin da ya fi hasken daraja yana ɓoye ne a ciki. Allon da aka saba gani a ofisoshi shimfiɗar roba ce guda a ƙarƙashin madannai, in ta gaji sai a yar. Masu kyau daga cikin na wasa kuwa, kowane madanni da makunninsa da ƙarfensa mai tsalle. Irin na kamfanin Cherry na Jamus, waɗanda suka fito cikin shekarun 1980, an ƙiyasta kowane ɗaya zai jure dannawa miliyan 50. Kuma ana iya cire kawunan madannan a share ƙurar hunturu a mayar. Amma a lura, a kasuwa akwai mai ƙyalƙyali a waje, roba a ciki. Haka nan makunni mai launin shuɗi yana ƙara kamar tafireta, wanda ya kai shi ɗakin kwanan ɗalibai zai ji daga maƙwabtansa. Ja ya fi shiru.

Akwai kuma batun harshe. Jerin haruffan da ke kan allo gado ne daga tafiretar Christopher Sholes, wadda kamfanin Remington na Amurka ya kai kasuwa a 1874, kuma babu ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsa. Harshen C'lela na mutanen Zuru shi ma wasulansa sun fi biyar na Turanci. Da yawa daga allunan wasa suna da madannai da mai su zai ɗora wa aikin da ya ga dama. Abin da mai wasa ke sa wa harbi, marubuci sai ya sa wa harafi mai lanƙwasa, ya huta da rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi.

Tsofaffin masu buga tafireta na sakatariya, da za a nuna musu allon nan, murmushi za su yi. An hore su ne su buga ido na kan takarda, yatsu na aikinsu. Ko a yau, duk wanda ya shafa haruffan F da J zai ji ɗan tudu, wanda aka sa domin manuniya ta sami mazauninta ba tare da an duba ba. Yana nan a kan allon fitila mai tsada, yana nan kuma a kan na roba da ke ɗakunan jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.