Ɗakin Aiki Rumbun Gari Ne

Kowane manomi ya san tsaron rumbu. Ana ɗaga shi bisa duwatsu saboda gara da laima. Ana share ciyawar da ke kewaye da shi saboda gobara. Ba kowa ake bari ya shiga ba. To, yanzu garuruwa sun samu wani irin rumbu. Abin da ke cikinsa takardu ne, da kuɗi, da salula, da kwamfuta. Shi ne ɗakin aiki, wanda ake kira biro.

A da, biro sai a gidan kwamanda. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, kowace ƙaramar hukuma ta samu nata: Agye da Cadawa, Gazawa da Gangara, Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. A shekarar 2011 Gazawa ta fita daga cikin Agye, ta zama gunduma mai kanta.

Akwai kuma ƙananan ɗakunan aiki a ƙauyuka da kasuwanni: ɗakin magatakardan ƙungiyar manoma, shagon cajin salula, shagon aika kuɗi, da wurin buga takardu. Sau da yawa, wanda ya fito daga makarantar yaƙi da jahilci shi ake damƙa wa littafin ƙungiya. Amanar jama'a ce ke hannunsa.

Ga misali. A ce mai shagon caji yana da salula 40 a kan teburinsa, kowace ta jika 15. Dukiyar jika 600 ke nan, kuma ba tashi ba ce. Idan shagon ya ƙone, gida 40 ne za su yi asara.

Gobara

Wutar NIGELEC tana da ƙarfin bolt 220. Tana iya kashe mutum, tana iya ƙona ɗaki. Idan aka jona caja da yawa a soket guda, wayar wuta sai ta yi zafi. Robar da ke jikinta ta narke, tartsatsi ya tashi. In akwai takarda ko zana a kusa, shi ke nan.

Saboda haka, kowace safiya a duba wayoyin wuta. Wadda ɓera ya ci ko ta tsage, a sake ta, kada a ɗaure ta da leda. Idan soket ya yi baƙi ko ana jin ƙaurin roba, a kashe wuta nan take. Batirin salula da ya kumbura, kada a ƙara yi masa caji. Wanda zai rufe ɗaki da dare ya cire duk abin da aka jona.

Man fetur ba ya kwana ɗaki ɗaya da wuta. Tururinsa kaɗai ya isa ya kama, ko ba a taɓa kwalbar ba. A watan Mayu na 2019 wata motar dakon mai ta kife a Yamai, kusa da filin jirgin sama. Jama'a suna ɗibar mai sai wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka rasu.

Zana kuma ba ta jira. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta kama azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Ɗakin da jama'a ke taruwa, ƙofarsa ta kasance a buɗe. Kada a tare ta da buhu ko babur.

Idan wuta ta tashi, a fara fitar da mutane, sannan a kashe lantarki. Ba a zuba ruwa a kan wutar lantarki, domin ruwa yana kawo ta jikin mai zubawa. Ba a zuba shi a kan wutar fetur, domin man yana hawa kan ruwa ya bazu. Yashi ake zubawa. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, amma ƙauye yana da nisa. Bokitin yashi biyu a bakin ƙofa su ne taimakon farko.

Wanda wutar lantarki ta kama, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture wayar da busasshen icce, sannan a kai shi asibiti.

Janareta da batir

Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai fara jin ciwon kai, da jiri, da kasala. Daga nan sai barci, kuma mai yiwuwa ba zai tashi ba. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga. Ba a zuba masa mai yana aiki, sai an kashe shi ya huce.

Masu aiki da hasken rana su kula da babban batir. Ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata, yana makantarwa. Idan ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a tafi asibiti. Lokacin caji kuma batir yana fitar da iska mai kama wuta. A ajiye shi inda iska ke shiga. Kada a kunna ashana ko taba kusa da shi.

Ruwa da gara

Dattawa suna tuna ambaliyar shekarar 1945, wadda ta sa aka tashi tsohon garin Maraɗi daga bakin gulbi aka koma kan tudu. A damanar 2024 ma ruwa ya rushe dubban gidaje a jihar Maraɗi. Ɗakin laka in ya faɗi, takardun da ke cikinsa sun tafi.

Takarda ba ƙaramar aba ba ce. Tun dokar karkara ta shekarar 1993, ana rubuta sayen gona, da jingina, da aro, da gado. Idan takardar ta lalace kuma shaidu sun rasu, rigima tana iya raba ƴan'uwa. Haka takardar haihuwa: in babu ita, yaro yana shan wahala wurin jarrabawa.

A sa takardu cikin leda, a sa ledar cikin akwatin ƙarfe. A ɗora akwatin bisa benci, nesa da bango. Kowane wata a buɗe a duba ko gara ta shiga. Takarda mai muhimmanci a yi mata kwafi, a ajiye a wani gida dabam. Abin da ke cikin kwamfuta ma a kwafe shi a wani wuri, domin zafi da ƙura suna kashe ta ba sallama. In an gama aiki, a rufe ta da ƙyalle.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Matan sun san tsaron asusu. Mai ajiyar akwati dabam, masu riƙe makulli dabam, kuma ba a buɗewa sai a gaban kowa.

Kuɗin da ke cikin salula ma yana da makulli. Shi ne lambar sirri. Ɓarawon zamani waya yake bugowa. Ya ce daga kamfani yake, ko ya ce an ci kyauta, ko ya ce ya aiko kuɗi bisa kuskure a mayar masa. Daga ƙarshe sai ya nemi lambar. Kamfanin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Duk wanda ya tambaya, a kashe wayar. Tun shekarar 2019 Nijar tana da dokar hukunta masu zamba ta salula da intanet. Wanda aka cuta ya sanar da kamfanin nan da nan, ya kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda.

Kada a rubuta lambar a bayan salula ko a bangon shago. Kada a zaɓi 1234 ko 0000. Mai kuɗi ya danna lambarsa da hannunsa, mai shago kuma ya kau da kai. A nan ne karatu ke biya. Wanda ya iya lambobi, ya iya karanta saƙo, ba ya buƙatar ba wani makullinsa.

Lafiyar mai aiki

A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Ɗakin kwano yana buƙatar taga biyu da randar ruwa. Mai kallon kwamfuta ya ɗaga kai bayan kowane minti 20, ya dubi nesa, ido ya huta. Bayan kowace awa ya tashi ya taka, saboda ciwon baya da wuya.

Dokar aiki ta Nijar, ta shekarar 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNSS yana da haƙƙin magani idan ya ji rauni a bakin aiki.

Aiki ga makarantu

Ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar duniya ta kiyaye lafiya a wurin aiki. Amma ba sai an jira ta ba. Malami da ɗalibai su je ɗakin ƙungiya ko shagon caji na garinsu, da izinin mai shi. Su duba abu biyar: wayoyin wuta, wurin ajiye mai, bokitin yashi, akwatin takardu, da ƙofar fita. Kowa ya rubuta abin da ya gani a littafinsa. A karanta a gaban mai gari, a sa ranar gyara. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa.