Gajimaren da ba ya kawo ruwa

A daren Janairu, idan hazo ya ɗan lafa kuma aka ɗauke wuta, fita tsakar gida bayan sallar isha'i ka ɗaga kai wajen gabas. Za ka ga taurari uku a jere kamar an ja musu layi, kusa da su kuma wasu ƙanana sun zubo kamar jela. Na tsakiyar jelar nan mai dishi-dishi gajimare ne na iskar gas da ƙura, irin wanda masana ke kira nebula. Sunansa Oriyon, kuma cikinsa ake haihuwar sababbin taurari. Hasken da ya faɗo maka a ido ya fi shekara 1,300 yana tafe, tun wajen zamanin daular Banu Umayya.

Irin waɗannan gizagizai girman kawai ke gare su, ciki kusan fanko ne. Da za a yanko wani yanki daidai girman duniyarmu a tattara abin da ke ciki, tirela ɗaya za ta kwashe shi.

Sun sha yaudarar masana. A 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta cewa ya ga wani ɗan ƙaramin gajimare a rukunin taurarin Andromeda. Aka yi ta kiransa gajimare kusan shekara dubu, sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya gano ashe gari guda ne na biliyoyin taurari. Shi kuwa Charles Messier na Faransa haushinsu yake ji. Farautar taurari masu wutsiya yake yi, su kuma suna ta ruɗa shi, sai ya jera su a takarda don ya riƙa kauce musu. Yau da wannan takarda ake tunawa da shi.

Na farko a jerin nasa shi ne gajimaren Ƙaguwa. A 1054 masanan Sin suka ga baƙon tauraro mai tsananin haske, har kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka. Fashewa ce wani tauraro ya yi, kuma ɓaraguzansa, wato wannan gajimare, har yanzu suna watsuwa da gudun kilomita kusan 1,500 a daƙiƙa. Ƙwayar da ta rage a tsakiya tana juyawa sau 30 kowace daƙiƙa. Ni dai na zura wa zanen gajimaren ido, ban ga ƙaguwa ba.

A 1864 William Huggins ya ga wani koren haske a gajimaren Idon Kyanwa wanda bai dace da kowane sinadari ba. Aka ce sabo ne, har aka raɗa masa suna nebuliyam. Sai 1927 Ira Bowen ya nuna iskar oksijin ce, wadda muke shaƙa, yanayi ne kawai ya sauya mata kama.

Mai kukan sanyin Jos ya ji wannan: a gajimaren Bumeran sanyi ya kai digiri 272 ƙasa da sifiri, kuma ba a san wani wuri a sararin samaniya da ya fi shi sanyi ba. Can kusa da tsakiyar tarin taurarinmu kuma akwai gajimaren Sagittarius B2, inda aka gano barasa tun 1975, mai yawan da ba a aunawa da ganga. Sai dai a gauraye take da guba iri-iri, kuma tafiyar shekara dubu 25 da ɗoriya ce ko ga haske.